Tukunyar Badon Kaka

Warin laka ne yake fara zuwa mini, tun kafin fuskarta. Laka mai sanyi da ta kwana cikin ruwa, haɗe da hayaƙin itacen da ya kusa cinyewa a murhu, da ɗan turaren wutar da Mama ke zubawa a kasko bayan magariba. Duk inda waɗannan ukun suka haɗu a hancina, ko a cikin keke nake a tsakiyar gari, sai in koma 'yar shekara tara, ina zaune a kan tabarma a gidanmu na unguwar Maisandari a Maiduguri, ƙafata tana taɓa ƙafar Kaka.

A lokacin gidanmu ne ƙarshen layi. Bayan katangarmu akwai wani kududdufi, ramin da masu yin bulo suka haƙa suka bari tun ba a haife ni ba. Da damina yakan cika ya tumbatsa, kwaɗi su yi ta biki. Da rani ya bushe ƙayau, ƙasansa ya tsattsage. Mutanen unguwa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, wurin sauro ne da ledoji. Amma Kaka, mahaifiyar Babanmu, tana da gona a wurin. Haka take kiransa, "gonata", alhali faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Wani ɗan lungu ne a bakin ruwan, daidai ƙofarmu ta baya, a nan take renon bado.

Badon nata fari ne, irin wanda ke buɗewa idan rana ta faɗi, ya kwana a buɗe, ya rufe da hantsi. Gaba ɗayansa daga tukunya ɗaya yake fitowa, wata tsohuwar tukunyar ƙasa mai ɓallen baki, cike da baƙar laka. Da ita Kaka ta zo daga ƙauyensu na bakin Tafkin Chadi, shekarar da ruwa ya ja baya ya bar kwale-kwale a kan tudu, Kakanmu namiji ya ce su dawo birni.

"Mata suna riƙe da kwanukansu da akwatunansu," in ji ta, "ni ina rungume da laka a kan cinya. Direban motar ya dube ni ya ce, 'Hajja, a Maiduguri ma fa akwai ƙasa.' Na ce masa akwai, amma ba ta san ni ba."

Ba ta ƙara komawa ƙauyen ba. Da farko nisa ne, daga baya kuma hanyar ta rufe a shekarun nan da kowa ya sani. Abin da ya rage mata na can ke nan, tukunyar da abin da ke cikinta.

A cikin lakar akwai ɗan dunƙulen saiwa wanda Kaka ke kira uwa. Idan ruwan sama ya sauka sau uku ko huɗu, kududdufi ya fara taruwa, sai ta fito da tukunyar, ta marmasa busasshen kashin shanu ta cusa a gefe-gefe, ta ɗaura zani a gwiwa ta shiga ruwa ta ajiye ta inda zai rufe bakinta da yatsa huɗu. Kafin mako ya zagayo ganye ya taso, jajaye-jajaye, kowanne kamar tafin hannu. Yayin da suke ƙara tsawo tana ƙara tura tukunyar ciki, taku ɗaya-ɗaya. Kullum da safe takan tsince ledojin da iska ta kwaso, ta cire ganyen da ya yi rawaya, ta gyara shingen ƙayar da ta yi saboda agwagin maƙwabciyarmu Madam Nkechi, mai shagon kayan miya a bakin titi. Idan fure ya gama kwanakinsa, karansa yakan lanƙwashe ya ja shi ƙarƙashin ruwa. Sai Kaka ta laluba ta ɗaure kansa da ɗan tsumma. Da kaka, idan ruwa ya fara janyewa, ta kwance tsummokaran ta murtsuke su a cikin lakar tukunyar, ta fito da ita ta bar ta ta sha iska a inuwa, ta rufe da faifai, ta kai ta bayan randa. Ni duk a zatona wanke tsumman take yi, don Kaka ba ta yar da ko zare.

A waɗannan shekarun da wuri ake shiga gida. Ana idar da magariba an ci burabisko, an kwashe kwanuka, Baba yana ɗaki da rediyonsa, sai mu matsa kusa da murhu, ni da ƙanwata Bintu. Kaka takan ɗauki ɗan kara ta tona toka har garwashi ya buɗe ido, sannan ta ce, "Wa ya zo da kunnensa?"

Mu ce, "Mu ne!"

"To, bakin kuma a ajiye shi a ƙofa, kusa da takalma."

Bintu ba ta taɓa ajiye nata ba.

Tatsuniyoyinta da yawa, wasu da Hausa, wasu sai ta zarce da Kanuri idan daɗi ya ɗebe ta, Mama tana fassara mana daga bakin madafa. Amma akwai guda ɗaya da nake roƙo kullum, ta Ruwa da Kellu.

Wai a da can Ruwa mutum ne, maƙwabcin wani gari. Maƙwabcin kirki, ya ba su kifi, ya wanke musu kaya, ya goya 'ya'yansu a bayansa. Wata shekara ya ce zai tafi gaishe da uwarsa a bayan duwatsu. Mutane suka yi ta kuka. Ya ce musu, "Zan dawo. Amma na tsufa, hanya kuma da nisa, ina tsoron in ɓata. Bari in bar muku kunnuwana." Kunnuwan Ruwa su ne ganyen bado. Da ya janye sai suka ƙanƙance suka zama 'yan baƙaƙen dunƙule. Ya ba kowane gida ɗaya, ya ce, "Ku rufe shi a laka. Kar ku tono shi. Ku dai riƙa yi masa magana, zan bi muryarku in dawo."

Shekara ta wuce, biyu suka wuce. Yunwa ta zo, wasu suka gasa nasu suka cinye. Wasu suka ce bari mu duba ko yana nan, suka tono, rana ta ƙone shi. Wasu kuma suka gaji da magana da laka, suka ce hauka ne. Saura wata yarinya, Kellu. Ita kullum da yamma sai ta tsuguna gaban tukunyarta ta ba ta labarin gari: wance ta haihu, wane da wane sun yi faɗa a kan jaki, akuyarmu ta haifi tagwaye, ɗaya fari ɗaya mai tabo a goshi. Shi kuwa Ruwa ya ɓata a cikin sahara, ya rasa gabas ya rasa yamma. Can a shekara ta bakwai sai ya ji wata 'yar murya siririya tana maganar akuya. Ya tsaya. Ya ce, "Wannan akuyar na san uwarta." Ya bi muryar dare da rana, har ya iso ƙofar su Kellu. Bai shiga ba, don yana da kunya. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "bado ba ya fitowa a tsakiyar zurfi. A baki-baki yake, inda ruwa ke tsayawa ya gaisa da mutane."

Bintu ta ce, "Kaka, ita Kellun ba ta taɓa leƙawa ba? Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Ni da na leƙa."

"Ke? Ke ai da kin cinye shi tun daren farko, ki haɗa da lakar, ki lashe tukunyar."

Muka yi ta dariya har Baba ya yi gyaran murya daga ɗaki. Kaka ta mayar da toka kan garwashi ta ce, kamar yadda take rufe kowace tatsuniya, "Na raka ta bakin ruwa, na wanke mata ƙafa, ta tafi gidansu."

Ni ban yi tambaya ba. Na riga na sani a raina ni ce Kellu. Ni ce mai shiru, mai haƙuri, mai zama ta kalli abu ɗaya har a kira ta sau uku ba ta ji ba. Da an ce mini a cikinmu akwai wadda za ta tona tukunya, da na nuna Bintu da yatsa.

A bazarar wannan shekarar Kaka ta kwanta. Tari ne ya fara, ya koma ƙirji, har Baba ya ce sai asibiti. Ranar da za a tafi da ita, tana zaune a bakin gado Mama na naɗa mata lafaya, ta kira ni. Feronyi take ce mini, wato 'yata da Kanuri.

"Feronyi, tukunya tana hannunki. Aikinki ɗaya ne. Duk ranar Juma'a ki tsoma hannu a ruwa ki yarfa mata sau uku, ki mayar da faifai. Ba ragi, ba ƙari. Kin ji?"

"Na ji, Kaka."

"Barci take yi. Mai barci ba a tashinsa a tambaye shi ko yana barci."

Juma'ar farko na yi yadda ta ce. Ta biyu ma haka. A cikin mako na uku na ji Mama tana waya a bayan ɗaki, muryarta ƙasa-ƙasa, tana cewa jikin dai sai addu'a, ko ruwa ba ta iya haɗiya sosai. Ban san yadda aka yi ba, a kaina na yarinya sai Kaka da uwar badon suka zama abu ɗaya. Na je bayan randa na ɗaga faifai. Lakar ta yi tauri kamar dutse, ta dare gida uku. Na ƙwanƙwasa, na kara kunnena. Shiru. Na ce a raina, yaya za a yi abu mai rai ya zauna a cikin wannan? Ɗigo uku a mako? In ƙishirwa ta kashe ta fa, alhali a hannuna aka bar ta?

Ina aji huɗu a lokacin, kuma ni ce ta ɗaya a ajinmu. An koya mana, na kuma rubuta a littafina da kyakkyawan rubutu har malama ta yi mini maki, cewa shuka tana buƙatar ruwa mai tsabta da hasken rana. Kaka ba ta yi boko ba. Na ga kamar an ba ni ilimin ne don wannan ranar.

Da azahar, gida ya yi tsit saboda zafi, na ɗauko cokali na tona. Na sami uwar a tsakiya, baƙa, a yamutse, ba ta fi ƙwallon goruba ba. Tausayinta ya kama ni. Na wanke ta tas da soso har sai da fatarta ta saɓule a wasu wuraren, na sa ta a kwanon sha, na cika shi da ruwan famfo garai-garai, na hau turmi na ɗora a kan rufin akurkin kaji inda rana ta fi bugawa, inda kuma ba wanda zai gani.

Wanda ya san ranar Maiduguri a bazara ya san abin da na yi. Kafin la'asar ruwan ya yi zafin shayi. Na sauya, washegari ya sake yin zafi, na sake sauyawa. Da ta fara kumbura sai na yi murna, na ce tana farfaɗowa. A rana ta huɗu Bintu ce ta tsaya a tsakar gida tana toshe hanci.

"Wai me ya mutu a gidan nan?"

Ta bi warin har akurki, ta hau turmi, ta leƙa. Ta juyo ta dube ni, idonta kamar zai faɗo.

"Yagana! Uwar Kaka ce? Kin kashe uwar Kaka!"

"Yi shiru, don Allah."

"Ke da aka ce ke ce mai hankali! Wallahi sai na faɗa."

Na taɓa saiwar da yatsa, ta fashe kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na binne abin da ya rage a gindin darbejiya ina kuka marar sauti. Sannan na tattara ɓaraguzan lakar da na tona, ban bar ko ƙwaya ba don kar a ga ta ragu, na jiƙa su na mayar cikin tukunya, na shafe saman da tafin hannu, na rufe da faifai. Bintu ta yarda za ta yi shiru in zan riƙa yi mata wanke-wankenta har damina ta wuce. Na yarda. Da ta ce har ta yi aure ma da na yarda.

Daren nan na tabbata za a zo a ce mana Kaka ta rasu. Ba a zo ba. Bayan kwana goma aka dawo da ita, ta rame, tana dogara sanda, amma idonta yana nan da haskensa. Da ta huta ta ce in kawo mata tukunya. Na kawo. Ta ɗaga faifai, ta shafa saman lakar da babban yatsa.

"Har da shafe aka yi mata," ta ce. "Sannu da aiki."

Sau uku ina zuwa bakin ɗakinta da niyyar faɗa mata. Sau uku ina tarar da ita tana jan carbi, ƙasusuwan wuyanta a waje, sai in ce ruwa na zo tambaya ko za ta sha. Tsoron duka ba ya cikin abin, Kaka ba ta taɓa dukan kowa ba. Abin da na kasa shi ne in dubi matar da ta rungumo ƙauyensu a cinya tun daga bakin tafki, ta raya shi shekara da shekaru a ramin masu bulo, in ce mata na dafa shi a kan akurkin kaji.

Damina ta sauka. Kududdufi ya taru, kwaɗi suka dawo. Kaka ba ta da ƙarfin shiga laka, sai aka ajiye mata kujera 'yar tsugunne a ƙofar baya, ta ce ni zan kai tukunyar. Na ɗauke ta, na san babu kowa a ciki, na shiga ruwa da ita.

"Ƙara gaba kaɗan. Tsaya. Sa yatsunki, huɗu ne? To danna ta ta zauna, kar ta karkace."

Mako ya zagayo, ba komai. Na biyu ya shiga. Kullum da safe Kaka takan fito ta zauna a kujerarta ta dubi wurin. Madam Nkechi ta biyo da agwaginta za ta kai su ruwa, ta tsaya gaban Kaka ta riƙe ƙugu.

"Mama, ina kwana. Bana ba salad ne? Agwagina tun jiya suna tambaya."

"Ki ce musu su yi haƙuri, ana dafawa."

"Ko dai ya yi fushi ne? Kin tafi asibiti kin bar shi."

"Ai ban bar shi shi kaɗai ba," in ji Kaka. "Na bar shi a hannu mai kyau."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bintu tana bayan Kaka tana yi mini gwalo.

Ba ni da sauran dabara, ilimin ajinmu ya ƙare. Sai na koma ga abin da Kellu ta yi. Bayan la'asar, in na gama wanke-wanken mutum biyu, sai in zagaya in tsuguna a bakin ruwa daidai inda tukunyar take, in yi ta magana ƙasa-ƙasa. Na ba ta labarin makaranta. Na gaya mata kazarmu ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki ɗaya. Na gaya mata Kaka ta fara cin tuwo. Wata rana da labari ya ƙare mini, na gaya mata gaskiya, tun daga cokali har gindin darbejiya. Na ce, "Ni ce. Ban yi don mugunta ba. In akwai wanda ke ji, ya dawo saboda Kaka, ba don ni ba." Ruwan bai motsa ba. Wani ɗan kwaɗo ya dube ni ya nutse.

Kwana biyu ko uku bayan haka, da safe ina tsince leda, na ga wani abu kore-kore a bakin tukunyar, ƙarƙashin ruwa. Siraran zare ne, da yawa, kamar gashin jariri. Na ɗauka ciyawa ce. Bayan 'yan kwanaki suka fitar da 'yan ganye masu laushi, kowanne bai kai farcena ba. Ba su yi kama da ganyen da na sani ba ko kaɗan. Na kira Kaka dai, don ban san abin da zan yi ba.

Ta dafa kafaɗata muka taka har bakin ruwa. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta daɗe a nan ma. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

"Af," ta ce. "Bana jarirai aka aiko mana."

Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, na riƙa bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta share ido da bakin lafaya ta ce, "To, feronyi, aiki ya same ki. Jariri ba a barinsa shi kaɗai."

Aiki kuwa ya same ni. Ta sa na jawo tukunyar baya inda ruwa bai fi yatsa biyu ba, don rana ta riƙa isa gare su. Da suka yi ƙwari ta ce sun yi yawa, za su kashe juna. Na tsame su ɗaya-ɗaya da lakarsu, na bar uku a tukunya, sauran na dasa a fasassun kasake na jera a bakin ruwa. Na ninka shingen ƙaya har hannuwana suka yi zane-zane. Sau biyu ruwan sama mai ƙarfi yana nutsar da su, in fito da sassafe in laluba in jawo su baya. Wasu suka mutu. Agwagwa ɗaya ta samu kafa ta cinye kasko guda, Madam Nkechi ta zo ban haƙuri da ƙullin tattasai, Kaka ta ce a gaya wa agwagwar ta ci yara, ta ji kunya.

A sauran shekaru tun tsakiyar damina muke ganin fure. Wannan shekarar har ruwan sama ya fara ja baya ba mu ga ko ɗaya ba. Ganyen ya yi faɗi, ya fara kama da na uwarsu, amma kududdufin yana raguwa kullum, ana ganin zoben laka yana faɗaɗa a gefensa. Kowace safiya ina tura tukunya gaba ina bin ruwan. Na ji Kaka tana ce wa Mama in bai yi fure ya ɗaure kai ba kafin ruwa ya tafi, to sai dai abin da Allah Ya yi.

Wata safiya, na sa kayan makaranta ke nan, na leƙa ta ƙofar baya. Yana nan tsaye a kan karansa, ɗan ƙarami, bai kai rabin na da ba, fari fat, cikinsa rawaya. Na yi ihun da ya sa Baba ya fito ba hula. Aka kawo Kaka. Ta tsoma hannu a ruwan ta shafa a fuskarta, ta yi wata magana da Kanuri wadda Mama ba ta fassara mana ba. Kafin ruwa ya ƙafe an yi fure biyar, na ɗaure kan kowanne da tsumma da hannuna.

Da yammar ranar furen farko, a bakin murhu, ba ni na roƙi tatsuniyar ba, Kaka ce ta ɗauko ta da kanta. Komai ya tafi yadda muka sani, har aka zo shekara ta shida. Sai ta ce, "Rannan Kellu ta kasa haƙuri, tsoro ya kama ta, ta tona."

Bintu ta miƙe zaune. "A'a! Ba haka ba ne! Kin ce ko sau ɗaya ba ta leƙa ba!"

"Na ce haka? Tsufa ne. Ta leƙa."

"To sai me ya faru?"

"Sai ta ji kunya. Ta mayar da lakar duka, ba ta zubar da ko kaɗan ba. Ta ci gaba da zuwa kullum tana magana. Shi Ruwa ai murya yake bi."

Ba ta dube ni ba, garwashi take tonawa. Ni kuwa na tabbata Bintu ce ta kai tsegumi, bayan duk kwanukan da na wanke mata. Muka yi kwana uku ba ma magana, tana rantsuwa ba ita ba ce, ina cewa ƙarya take yi. Game da badon kuma, na yanke wa kaina cewa wani ɗan gutsuren uwar ne ya saura a laka, Allah Ya rufa mini asiri da shi. Da wannan na girma.

Kaka ta ƙara shekara shida tare da mu. Bayan rasuwarta aka cike kududdufin aka yi gini a kai, gari ya wuce gidanmu ya yi gaba. Na tafi karatu, tukunyar ta zauna a ɗakin ajiya shekara huɗu, ba mai yarfa mata ruwan Juma'a. Na sha tuna tatsuniyar a shekarun nan. Da ina yarinya na ɗauka darasinta shi ne kar ka taɓa yin kuskure, ka zama Kellun da ba ta leƙa ba. Sai da na fara koyarwa, na ga yara suna ɓoye littafin da suka ɓata saboda tsoro, sannan na fi son Kellu ta biyu, wadda ta ɓata, ta tattara abin da ya saura, ta dawo washegari.

Bara, da na koma unguwar Bolori da zama, na ɗauko tukunyar. Na sa an yanka mini duro gida biyu, na cika rabi da ruwan sama, na zaunar da ita a ciki, yatsa huɗu. Ban sa rai ba. A mako na uku sai ga siraran zaren nan, kamar gashin jariri.

Malama Saratu, abokiyar aikina mai koyar da kimiyya, ta zo gaishe ni, na ja ta bayan ɗaki na nuna mata. Na ce, "Kin ga ikon Allah, saiwar ta yi shekara huɗu ba ruwa, ba ta mutu ba."

Ta tsuguna ta gyara tabarau. "Wannan ai ba daga saiwa ya fito ba, Yagana. Saiwar ta daɗe da mutuwa. Iri ne. Na saiwa da faɗinsa yake tasowa, ja, cikin 'yan kwanaki. Wanda ya fito siriri haka, da yawa, a maƙare, 'ya'ya ne suka tsiro. Ƙanana ne kamar riɗi, suna iya shekaru a busasshiyar laka suna jira. Wani ya cika lakar nan da su da gangan."

Na tuna tsummokaran da Kaka ke murtsukewa a tukunya kowace kaka.

"Duk wanda ya saba da bado zai gane bambancin?" na tambaye ta.

"Da kallo ɗaya," in ji ta. "In ka ga jarirai su kaɗai, ka san uwar ba ta nan."

Da yamma na kira Bintu a waya na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma kwanukan da na wanke ba za ta rama mini ba.